Tambaya Kafin Tafiya: Nasihar Baffa ga Ɗansa

Ɗana,

Mahaifiyarka ta shaida mini cewa maganar tafiya ta shigo muku ta fuska uku a lokaci guda. Kai wani ya yi maka tayin aiki a Libiya, ƙanwarka wata hajiya ta ce za ta yi mata hanyar Saudiyya, 'yar autarku kuma wata dillaliya tana so a ba ta ita ta kai ta aikatau birni. Tun da Allah Ya karɓi ran mahaifinku kai ne babba a gidan, bakinka ake jira. Shi ya sa na zaɓi in rubuto maka, don ka karanta a tsanake, ka ajiye, ka sake dubawa idan zuciya ta kwanta.

Ba zan ce maka fita nema laifi ba ce. In na faɗi haka na yi wa tarihinmu ƙarya. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, sun kafa zango a Salaga da Kumasi. Wasu sun nufi Makka a ƙasa, suna tafe suna ƙwadago a gonakin audugar Sudan, har jikokinsu suka zama 'yan ƙasa a can. Ci-rani kuwa da shi aka haife mu: a gama girbi, a ɗaure dawa, a fita, a dawo da faɗuwar ruwan farko. Ban kuma jahilci halin da ake ciki ba. Na san kuɗin taki, na san kuɗin magani, na san abin da zuciyar saurayi take yi idan tsaransa ya dawo da sabon babur ya yi wa uwarsa rufin kwano. Neman halal ibada ne, kuma ina alfahari da kai da ba ka zaɓi zaman kashe wando ba.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, tafiyar da da ta yanzu ba ɗaya ba ce. Ayarin da yana da madugu. An san gidan madugu, an san zuriyarsa, da shi ake fita, da shi ake dawowa. Idan ya dawo babu ɗan wani, akwai uwar da za ta tare shi a ƙofar gari, akwai sarki da alƙalin da za su tambaye shi ba'asi. A masauki kuma akwai fatoma, wanda cin abincinsa ya dogara ga riƙon amanar baƙinsa. Ejan na yau ba ya taka ƙafarsa ya bi ka. Zai karɓi la'adarsa ya miƙa ka ga wani, wancan ya miƙa ka ga na gaba, kowa yana cire nasa, har ka wayi gari a hannun mutumin da bai san sunan garinku ba, bai san kai ɗan wane ne ba. Abu ɗaya ya sani game da kai: nawa ya biya a kanka, kuma nawa yake so ya mayar.

Kada ka zaci mai safarar mutane wani baƙo ne mai mugun kama. Da haka yake, da babu mai bin sa. Galibi ɗan unguwa ne, ko abokin yayan wani, ko hajiyar da ba a suna ba a biki sai da ita, tana raba turamen atamfa ana yi mata guɗa. Da ɗan gari akan ci gari. Wani ma a cikinsu bai san ƙarshen hanyar ba, kamashonsa kawai ya sani, ba ya kuma son ya san sauran. Ka tuna ƙissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Kafin baƙin matafiya su sayar da shi da 'yan kuɗi ƙalilan, 'yan'uwansa ne suka raba shi da gida da daɗin baki, da sunan za a je wasa.

Babban jarin irin wannan mutum, ɗana, kunyarmu ce. An rene mu a kan kara da kawaici. Ba a tsare babba da tambaya. Ba a ce wa mai taimako ya rubuta. Ba a ƙirga kuɗi a gaban wanda ya bayar. Tarbiyya ce mai kyau a inda amana take, ba na kuma so ka rabu da ita. Amma mai safara ya karance ta tsaf, ya san inda zai taɓa. Da ka buɗe baki za ka tambayi nawa ne albashin, sai ya ɓata fuska ya ce, "Au, ba ka yarda da ni ba ke nan? Ni da nake yi don zumunci?" Sai kai ka koma ba shi haƙuri. Kunya ce take hana mutum tambaya kafin ya tafi. Ita ce take hana shi gaya wa gida gaskiya idan ya faɗa hannu. Ita ce kuma take hana shi dawowa hannu rabbana ko da ƙofa ta buɗe masa. Magabata sun riga sun yanke mana hukunci a kan wannan: kunyar mara kunya asara ce.

Idan kuma wani ya ce maka yawan tambaya rashin tawakkali ne, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Annabi Musa, da zai yi wa dattijon Madyana aiki, sai da aka fayyace wa'adi da lada a fili: shekara takwas, cikon goma kuwa ganin damarsa ne. Wannan tsakanin mutanen kirki ke nan. To ina ga tsakaninka da wanda ka sani a waya, ko a majalisar mai shayi?

Mu fara da taka tafiyar. Na ji an ce ba sai ka biya ko kwabo ba yanzu, in ka isa ka kama aiki sai ka riƙa biya a hankali. Duk cikin zancen babu inda ya kai wannan haɗari. Wanda ya biya kuɗin motarsa fasinja ne, wanda aka ɗauka bashi kuwa shi ne jinginar bashin. Hanyar sananniya ce. A tsallaka ta Jibiya ko Kongolam ko Maigatari ko Illela, a haɗu a Agadas, a zauna a wani gida har mota ta cika. Sannan a loda mutum ashirin da wani abu a bayan Hilux, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. Daga nan sai Dirku, sai Gatrun, sai Sabha. A Sabha akwai gidajen da 'yan ci-rani suke kira gidan bashi. Direba zai sauke ka a ciki, ya karɓi kuɗinsa a hannun mai gidan, a ja ƙofa. Bashin da ka baro gida da shi ba shi za ka tarar ba, don an ɗora kuɗin ruwa, da na burodi, da na shingayen 'yan bindiga, da ribar wanda ya karɓe ka. Sai a miƙa maka waya a ce kira gida, ana dukanka mahaifiyarka tana ji. Gonar da aka ƙi sayarwa a ba ka jari, ita za a karyar a ranar don a fanshe ka. Wanda ba shi da mai fansa kuwa a tura shi gona ko wurin gini ya yi watanni babu lada, ko a sayar da shi gaba, Bani Walid ko wani wurin.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya hoton gwanjon mutane a kusa da Tarabulus, ana tayin samari majiya ƙarfi a kan dala 400. Ta yankin Fezzan, inda Sabha take, aka riƙa kora bayi zuwa Murzuk da gaɓar teku a zamanin da. A wancan lokaci kamo su ake yi da ƙarfin takobi, yau kuwa da ƙafarsa mutum yake kai kansa, wani har da sayar da akuyar uwarsa. Hamadar kanta ba ta san alkawarin kowa ba. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, dab da iyakar Aljeriya, 52 yara, 33 mata, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram, masu harshenmu, masu irin sunayenmu. Waɗanda suka isa Aljeriya ma, da yawa ana kwaso su a zubar a bakin iyaka, su taka kusan kilomita 15 a cikin rairayi kafin su ga Assamaka.

Za a ce maka yanzu hanya ta buɗe. Gaskiya ne, dokar da Nijar ta kafa a 2015 mai hana jigilar baƙin haure, gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023, direbobi sun dawo fili. Amma soke doka a Yamai bai rage faɗin hamadar Tenere ba, bai kuma ba Libiya tsayayyiyar gwamnati ba, abin da ta rasa tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Ba na musun cewa akwai mutanenmu da yawa a can da suke birkila da noma da ɗinki, suna aiko wa gida. Ka bincika, za ka tarar galibinsu da kuɗinsu suka tafi, da sana'arsu a hannu, da sanannen wanda zai tarbe su. Su ɗin ma ka tambaye su sau nawa suka gama wa mutum aiki, ranar biya ya nuna musu bindiga ko ya ce zai kira 'yan sanda. Mara takardu ba shi da inda zai kai ƙara, kuma wanda ya ɗauke shi aiki ya san da haka tun ranar farko.

Sai maganar ƙanwarka. Wannan ta fi taka wuyar ƙi, domin da an ambaci ƙasa mai tsarki sai jiki ya yi sanyi, kowa ya ce ai ko ba komai za ta ga Ka'aba. Tsarkin ƙasa ba ya tsarkake kowane gida da ke cikinta, kuma ba a Harami za ta yi aikin ba, a bayan ƙofar wani za ta yi shi. Ka fara tambayar irin bizar. Idan ta Umara ce ko ta ziyara, to ba ta aiki ba ce. Ranar da wa'adinta ya cika ƙanwarka ta zama mai laifi a idon hukuma: ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba kai ƙara, kullum cikin ɓuya, ƙarshenta gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, kafin a sako ta jirgi. Idan kuma bizar aiki ce, akwai tsarin kafala, wanda ya ɗaure zamanta a ƙasar da sunan mutum guda, wato kafili. Dokar ƙasar ta hana shi riƙe mata fasfo, amma da yawa suna karɓewa tun daga filin jirgi. In wahala ta ishe ta ta fita, zai kai rahoton cewa ta gudu, abin da suke kira hurub, sai ta koma ita ake nema. Sassaucin da Saudiyya ta yi wa wannan tsari a watan Maris na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Lamarin kuma bai tsaya a ƙasa ɗaya ba. A watan Afrilun 2020 an kama wani mutum a Lebanon da ya sa hoton fasfon wata 'yar Najeriya mai aikin gida a Facebook, yana neman mai saye a kan dala 1,000.

Saboda haka ka zauna da hajiyar, cikin ladabi, ka tambaye ta. Wane kamfani ne yake ɗaukar aikin, kuma yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya? Doka ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata zuwa waje ya mallake shi. Ina takardar yarjejeniya, a harshen da za mu iya karantawa? Albashin hannun wa zai riƙa shiga? Wannan ta ƙarshen ka riƙe ta da kyau. Abin da aka saba shi ne a ce kuɗin fasfo da biza da jirgi hajiya ce ta biya, don haka albashin watannin farko nata ne. Watanni nawa? In ba a faɗi adadi ba, a rubuce, a gaban shaidu, to bashin ba shi da ranar ƙarewa. Yarinya za ta yi shekara biyu tana goge-goge daga asuba zuwa tsakar dare, wata tana nan gida tana ɗora bene da guminta.

Ta 'yar auta kuwa, a nan ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka bayar da ita. Na san dalilin da ake kawowa, a tara mata kuɗin kayan ɗaki kafin aure. Na kuma san za a ce ai riƙo ne, mun gada. Riƙon da muka gada, goggo ce ko inna take ɗaukar 'yar ɗan'uwanta, ta ci abin da 'ya'yanta suka ci, ta kwana inda suka kwana, ta aurar da ita da hannunta, iyaye kuma sun san ƙofar gidan. Aikatau ta hannun dillaliya wani abu ne daban. Ita take karɓar kuɗin wata, ta yanki nata, ta aiko muku da abin da ta ga dama. Da yake tana da la'ada a kan kowane sabon gida, ribarta tana cikin sauya wa yarinyar gida bayan 'yan watanni, har ku danginta ku kasa faɗin unguwar da take. Yarinya ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, a kicin ko a sito. Tana shirya 'ya'yan gida su tafi makaranta, ita ko alifun ba ta sani ba. In cokali ya ɓata ita ce ɓarauniya, sau da yawa kuma sai kuɗinta sun taru ake tuna cewa wani abu ya ɓata. Abin da ya fi wannan muni, wanda wasu mazan gida da samarinsu suke yi wa irin waɗannan yara, kai ma ka sani, ba sai na faɗa ba. Wa za ta gaya wa? Mu ne muka koya mata cewa ba a ɗaga ido a kalli babba.

Ka kuma sani doka ba ta yi shiru ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma hukuncin ɗauri ne, ya hau mai ɗauka da mai kaiwa da mai bayarwa haya. Ko da ta wuce waɗannan shekaru, gado da kwanuka ba su kai darajar shekarun da za a cinye mata ba. Ta zauna kusa da uwarta, ta yi boko da islamiyya, ta koyi ɗinki ko saƙa ko suyar ƙuli. Kayan ɗaki nauyinmu ne mu manya, da ni a ciki, gwargwadon abin da Allah Ya hore. Ba a kan wuyan yarinya ya rataya ba.

Kada kuma ka ɗauka sai an tsallaka iyaka ake faɗawa wannan hali. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da 100 daga wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano, waɗanda aka kulle a ciki kusan wata uku da sunan kariya daga annobar korona, ba fita, ba ganin iyali, wanda ya ƙi a yi masa barazanar kora. Asirin ya tonu ne saboda ɗaya daga cikinsu ya daure ya kira masu kare haƙƙin ɗan Adam. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 27.6 ne suke cikin aikin tilas a duniya, ta kuma ce a rahotonta na 2024 haramtacciyar ribar da ake ci daga guminsu ta kai dala biliyan 236 a shekara. Kasuwa ce babba, shi ya sa ba a rasa masu romon baka. Har masu digiri ba su tsira ba. Ana kiransu da sunan aikin kwamfuta a Ghana ko a ƙasashen Asiya irin su Kambodiya da Myanmar, su je a karɓe fasfo, a kulle su, a tilasta musu damfarar mutane ta intanet.

Ko'ina ne, a ramin haƙar zinare ko a gona ko a kamfani ko a gidan mai kuɗi, ma'aunin ɗaya ne. Aiki yana iya yin wuya, lada yana iya yin kaɗan, wannan talauci ne, Allah Ya yaye mana. Amma idan takardunka suna hannun wani, ladanka yana shiga aljihun wani, ana bin ka bashin da kullum ƙaruwa yake, an raba ka da waya, kuma ba ka da ikon cewa na fasa ka kama hanyar gida, to an wuce maganar aiki, an shiga bauta. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wannan: in na je na ga ba zan iya ba, me zai faru? Ka yi ta a fili, ka kuma kalli fuskar wanda ka yi wa.

Akwai alamu biyu da kusan ba sa ƙarya, gaggawa da sirri. "Kujera ɗaya ta rage, jibi mota za ta tashi." "Kada ka gaya wa kowa, ka san bakin mutane, sai ka isa su ji." Mun yarda akwai hassada, kuma ba a tallan alheri kafin ya tabbata. Amma ɓoye wa 'yan gulma daban, ɓoye wa uwarka da baffanka da malaminka daban. Duk alherin da zai lalace don dattijai uku sun ji shi, shigo-shigo ba zurfi ne. Ka nemi wanda ya je wurin ya dawo, wanda kai ka samo da kanka, ba wanda ejan ya haɗa ka da shi ba. Kada hotunan Facebook su ruɗe ka, kowa yana iya jingina da motar wani a ɗauke shi. In tafiya ta tabbata ta hanyar da ta dace, ka bar kwafin fasfo da na yarjejeniya a gida, ka haddace lambar waya biyu a ka, ka san inda ofishin jakadancin ƙasarka yake, ku kuma yanke da mutanen gida cewa in an yi kwana kaza ba a ji ka ba a fara cigiya.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa wa wani naka, kada a rufe don gudun abin faɗa. A je wa mai unguwa, a je wa 'yan sanda, a je NAPTIP, tana da ofisoshi a Kano da Sakkwato da Maiduguri. A Nijar ma akwai hukumar ƙasa mai yaƙi da fataucin mutane. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta dawo da dubban mutane gida daga Libiya da Agadas bisa son ransu. Magana tana da amfani. Hadijatou Mani, 'yar Nijar, tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996. Da ta girma ta ƙi yin shiru, ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, har kotun ECOWAS ta yanke a 2008 cewa ƙasarta ta gaza kare ta daga bauta, ta sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Macen ƙauye ce da ba ta yi boko ba, ta kai gwamnati gaban shari'a ta yi nasara.

Wanda ya dawo babu komai kuma, a tarbe shi kamar wanda ya dawo da kaya. Muna da wani hali mara kyau: mai nasara a cika masa gida, wanda ya sha wuya a riƙa yi masa habaici, mace kuwa a ɗora mata zargin da zai hana ta aure. Shi ya sa suke yin gum, ko su ƙirƙiro labarin daɗi, sai ƙannensu su ji su ɗaura niyya. Da za mu ba su wuri a majalisa su faɗi abin da idonsu ya gani ba tare da an yi musu dariya ba, da kasuwar ejan ta mutu a garin nan ba tare da an kama kowa ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne wanda aka fi mantawa. Yau kai ake nema a ɗauka, gobe in Allah Ya buɗa maka kai ne mai ɗauka. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, an ambaci mutum uku da Allah da kanSa zai yi jayayya da su ranar alƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunanSa ya saɓa, da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin, da wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya gama masa ya hana shi ladansa. Ka lura an jera mai hana lada a sahu ɗaya da mai sayar da mutum. Saboda haka ɗan ƙwadagon da ya yi maka noma, ku yi jinga kafin ya sa fartanya, ka biya shi kafin ya bar gonar. Yaron shago ka yanka masa wa'adi da abin sallama tun farko, a gaban iyayensa, kada ya ƙare ƙuruciyarsa a wurinka sannan ka nemo masa laifi. Almajirin da yake yi wa gidanku wanki da ɗiban ruwa, ɗan wani ne, ragowar tuwo ba lada ba ce. Ba zai yiwu mu yi kuka da abin da ake yi wa 'ya'yanmu a Sabha da Jidda ba, alhali muna yin ƙaraminsa a tsakar gidajenmu.

Ga abin da nake roƙonka. Ka ce wa mutumin Libiya, da hajiyar, baffanka yana so ya gan su. Su zo mu zauna a zaure, da mai unguwa da liman, a kawo takardu, a yi tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Kai ba sai ka ce komai ba, kunyar ka bar mini, ni na wuce shekarunta. In gaskiya ce da su, ba abin da zai ragu, ni da kaina zan raka ka tasha in sa maka albarka. In kuwa suka fara kawo uzuri, yau ciwon kai gobe tafiya, to ka sami amsarka ba tare da ka taka hamada ba.

Allah Ya yi maka albarka, Ya buɗa maka ƙofar arziki ta halal a inda mutuncinka zai tsira. Allah Ya kare ƙannenka, Ya jiƙan mahaifinku, Ya kuɓutar da duk wanda yake tsare a hannun azzalumi, Ya mayar da shi ga iyayensa lafiya. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata ina nan tafe ranar kasuwa, in Allah Ya yarda.

Wassalam,
Baffanka.